Daga Abuja zuwa Heipang a kan tebur: yadda ake ɗaukar fasinja a jirgin kwamfuta, da inda manhajar ke ruɗin matuƙi

Wata Asabar da la'asar ɗan yayata ya karɓe kujerata, ya ɗauko Boeing 737 a wasan tuƙin jirgi na kwamfuta daga Abuja ya kawo shi Heipang, inda filin jirgin Jos yake. Ya shimfiɗa shi a kan titi kamar mai ajiye ƙwai a faifai. Fasinjojin cikin kwamfuta suka ɓarke da tafi, manhajar ta rubuta masa yabo, shi kuwa ya juyo yana washe baki: "Kawu, ka ga aiki?" Na ce, "Na gani, yarona. Mayar da hoton baya mu ga inda tayoyin suka taɓa ƙasa." Titin wannan fili, filin jirgin Yakubu Gowon, mita 3,000 ne. Yaron nan sai da ya cinye fiye da rabinsa a iska yana lallaɓa jirgin, sannan ya dire. Da jirgin gaske ne, kuma an yi ruwa, da a gonar dankali za a je kwaso mu. Manhajar ba ta ce uffan ba, don ita laushin sauka kawai aka koya mata aunawa.

Haka halin manhajojin ƙari na fasinja yake, waɗanda 'yan harkar ke kira ad-on. Ba a banza sunan ya yi kama da ado ba. Suna raya jirgi, suna sa ka ji kamar da mutane a bayanka, kuma ni ma ba na tashi sai da su. Sai dai abin da suke iya ƙirgawa suke ba ka maki a kai, kuma ba shi ne kullum abin da ke hana jirgi faɗuwa ba. Za mu yi tafiya ɗaya tare, Abuja zuwa Jos, mataki bayan mataki, ina nuna maka inda za ka yarda da su da inda za ka toshe kunne.

Mataki na farko: rarrabe hawa uku

Sabon shiga yakan haɗa komai a kwando ɗaya, shi ya sa idan abu ya lalace ba ya sanin wa zai tuhuma. Hawa uku ne. Na ƙasa shi ne simuletar kanta, wato manhajar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi: Microsoft Flight Simulator da ta fito a Agustan 2020, ƙanwarta ta Nuwamban 2024, ko X-Plane 12. Ita ce mai iska, mai hadari, mai ƙasa da titi. Na tsakiya shi ne jirgin, irin su 737 na PMDG, A320 na Fenix, A32NX na FlyByWire, ko 737-800 na Zibo a X-Plane. Na sama shi ne manhajar fasinja da ma'aikatan ƙasa. Tsohuwa a cikinsu ita ce FsPassengers, tun zamanin FS2004. Yanzu an fi jin PACX ta kamfanin TFDi Design da Self-Loading Cargo, wadda sunanta ma zolaya ce ta matuƙa, wato fasinja kaya ne mai loda kansa. Sai GSX Pro ta FSDreamTeam, wadda aikinta a ƙasa yake: matakala, motar kaya, tankar mai, motar tura jirgi baya, da mutane suna takawa zuwa ƙofa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, manhajar fasinja ba ta ganin komai. Tana zaune ne a gefe, tana karɓar lambobi daga simuleta ta wata ƙofa, SimConnect ko FSUIPC: tsayinka nawa, gudunka nawa, ka karkata digiri nawa, fitilar bel a kunne take ko a kashe, da wane gudu ka taɓa ƙasa. Da waɗannan 'yan lambobi take gina fushin fasinja da jin daɗinsa. Duk abin da bai biyo ta ƙofar nan ba, a wurinta bai faru ba. Manyan jirage irin na PMDG da Fenix kuwa da yawan maɓallansu a cikin cikinsu suke lissafinsu, ba sa faɗa wa simuleta. Sai ka kunna fitilar bel, manhajar ta rantse ba ka kunna ba, ta ci ka tara.

Mataki na biyu: kwamfuta, wuta, data

Ba zan daɗe a nan ba. RAM 16GB shi ne abin da za ka fara da shi, 32GB ya fi kwanciyar hankali idan za ka haɗa babban jirgi da GSX, domin kowane mutum da ke takawa a fili nauyi ne a kan injin. Mai Xbox ya sani tun yanzu cewa manhajojin da ke gudana a wajen wasan, irin PACX da GSX da jirgin Fenix, ba sa hawa kansa.

Data ita ce babbar magana. Simuletar 2020 ta haura 100GB wajen saukewa, ta 2024 kuma kusan komai daga intanet take jawowa kana cikin tafiya. Idan sabis ɗin unguwarku mai zuwa da tafiya ne, X-Plane ya fi maka, don da ka girka shi yana tashi ko babu intanet. Idan ka tsaya a ta Microsoft, shiga saitin data ka buɗe rumbun ajiyar taswira a kan faifanka, yadda hanyar da ka bi jiya ba sai an sake sauke ta yau ba.

Ka kuma nemi UPS ko inbata. An taɓa ɗauke mini wuta ina ƙafa 800 a saman titi bayan tafiyar awa guda daga Legas, na zauna a duhu riƙe da sandar tuƙi kamar wanda aka ƙwace wa kwanon tuwo. Manhajar ta rubuta tafiyar a matsayin wadda ba a kammala ba.

Mataki na uku: zaɓi jirgi ɗaya, ka zauna a kansa

Fara da na kyauta. A32NX da Zibo sun isa su riƙe ka shekara guda kana koyo, kuma ba sai ka sha wahalar neman katin da zai biya dala ko fam ba. Waɗanda ake yawo da su a filasha an fasa musu makulli kuwa, ka bar su. Ba sa karɓar sabuntawa, kuma ba ka san me aka cusa a ciki ba.

Akwai ruɗin fenti. Za ka samu fentin kamfanonin gida kyauta a Flightsim.to, ka zuba a foldar Community, jirginka ya fito fes da tambarin da ka saba gani a Abuja. Fenti dai ba jirgi ba ne. Da yawa daga 737 ɗin da suka daɗe suna jigila a Najeriya tsofaffin samfuri ne, 737-300 da 737-500, alhali na PMDG da Zibo samfurin NG ne, mai manyan allunan gilashi a gaban matuƙi da injin da ya bambanta. Mai son tsohon sai ya nemi 737-300 na IXEG a X-Plane. Haka nan da yawan tafiye-tafiyen cikin gida ba 737 ke yin su ba, ƙananan jirage ne irin CRJ900 da ATR 72 da Embraer. Aerosoft na da CRJ, Microsoft kuma ta fitar da ATR a 2023. Mu dai a wannan tafiya 737-800 za mu hau.

Ka tuƙa shi babu fasinja ko ɗaya har sai ka iya tayar da shi daga sanyi, wato komai a kashe, ka shigar da hanya a kwamfutarsa, ka sauke shi sau goma a jere ba tare da ƙararrawa ta yi kuka ba. Sannan ka ɗora manhajar fasinja, guda ɗaya. PACX da Self-Loading Cargo aiki ɗaya suke yi, idan ka kunna su tare ma'aikaciya biyu za su riƙa sanarwa a bakin juna. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mataki na huɗu: wa ke da ikon nauyi?

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, kuma ba su san sun faɗi ba. Abubuwa huɗu ne ke son faɗin nauyin jirginka: SimBrief da ke tsara tafiya, tabilet ɗin cikin jirgi, manhajar fasinja, da GSX. Kowannensu da irin lissafinsa. SimBrief kan ɗauki fasinja ɗaya har da kayansa a kusan kilo 104. Ma'aunin Turai da kamfanoni da yawa ke bi kilo 84 ne ga babba da jakar hannunsa, kayan ƙasa daban. Ɗauki fasinja 150: lissafin farko kilo 15,600, na biyu 12,600. Tan uku ke nan a tsakani, idan manhaja ɗaya ta manta da kaya ɗayar kuma ta saka.

Ga abin da ke faruwa. Ka shigar da nauyi ɗaya a kwamfutar jirgi, ta lissafa maka gudun da za ka ɗaga hanci da inda za ka saita tirim, abin da ke daidaita hancin jirgi. Can a ɓoye manhajar fasinja ta canza nauyin da ke cikin simuleta, ko ta jibge mutane duk a baya. Ka tura totur, kafin ka kai gudun tashi hanci ya ɗaga da kansa, ko ka ja sanda jirgi ya ƙi barin ƙasa. Sai ka ce jirgin ne ba shi da kyau, alhali sarki biyu ka naɗa a gari ɗaya.

Gyaran shi ne ka ba wa tabilet ɗin jirgi sarautar. Ya jawo lambobi daga SimBrief, shi kaɗai ya loda mutane da mai. A saitin manhajar fasinja ka kashe duk wani zaɓi na taɓa nauyi, ka rubuta mata adadin mutanen kawai, 150 a nan 150 a can. Bayan an rufe ƙofa, kwatanta lamba ɗaya a wuri uku: nauyin jirgi ba tare da mai ba, wanda ake rubutawa ZFW, a takardar SimBrief, a tabilet, da a kwamfutar jirgi. A 737-800 jirgin shi kaɗai ya ɗan haura tan 41, iyakar ZFW kusan tan 62.7, iyakar nauyin sauka kusan tan 66.3, na tashi kusan tan 79. Da mutum 150 ya kamata ka ga wajen tan 57. Idan lambobin uku ba su yi daidai ba, kada ka saki birki.

Ka kuma tabbata kowa da kilo yake magana. Wasu jiragen da awon fam suke zuwa, kilo ɗaya kuwa fam 2.2 ne. Wannan kuskure ba na 'yan wasa kaɗai ba ne: a Yulin 1983 mai ya ƙare wa Boeing 767 na Air Canada a sararin sama saboda an rikita fam da kilo wajen lissafin mai, matuƙan suka sulalo da shi babu inji zuwa tsohon filin sojan sama na Gimli, Allah ya kiyaye babu wanda ya rasu.

Wani abu da babu manhajar da ta sani shi ne kayan mutanenmu. Wanda ya taɓa tsayawa layin awon kaya da masu barin Jos, da kwalayen tumatir da dankali da jakunkunan Ghana-mas-go, ya san kilo 25 na SimBrief ladabi ne kawai. Idan kana son gaskiyar gida, ƙara tan ɗaya na kaya da hannunka, a SimBrief, kafin ka jawo lambobin.

Mataki na biyar: tsara hanya, loda mutane

SimBrief kyauta ne. Rubuta DNAA, alamar filin Abuja, a wurin tashi, DNJO, ta Jos, a wurin sauka. Tsakaninsu mil ɗari da 'yan kai ne, irin mil ɗin jirage, kusan kilomita 190, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a sama. Gabas za ka nufa, don haka tsayin da lambar dubbansa ba ta rabuwa biyu daidai za ka ɗauka, ƙafa 17,000 ta isa. Mai kuwa kashi-kashi ne: na gangarawa titi, na tafiyar, ƙarin kashi 5 cikin ɗari don ko-ta-kwana, na zuwa wani fili idan Jos ta ƙi, da na minti 30 da ba a taɓawa. Duka za ka ga tsakanin tan 4 da 5. Manhajar fasinja ba ta damu ko ka zaɓi filin madadi ba, kai ka damu. Sa Abuja ko Kaduna, wadda ita ta riƙe jiragen Abuja na mako shida a 2017 lokacin da aka rufe titin don gyara.

Bayanan hanyoyin sama ana sabunta su duk kwana 28. Idan na SimBrief da na jirginka ba zagaye ɗaya ba ne, za ka rubuta sunan wata mahaɗa kwamfutar jirgi ta ce ba ta san ta ba. Ko dai ka biya Navigraph, kamfanin da ke sayar da bayanan, ya daidaita su, ko ka goge mahaɗar ka wuce ta gaba.

Wajen lodi GSX na burgewa, amma da sharaɗi. Filayenmu a simuleta yawanci kwamfuta ce ta zana su daga hoton tauraron ɗan'adam, ba hannu ba. Wuraren ajiye jirgi kan zo ba daidai ba, sai ka ga bas ta ratsa ta cikin gini, ko fasinjoji suna fitowa daga cikin ciyawa. Nemi zanen filin da wani ya yi da hannu tare da fayil ɗin saitin GSX nasa, in babu ka gyara wurin ajiya ɗaya da kanka, ka riƙa amfani da shi kullum. A Jos matakala za ka kira, mutane su taka.

Muryoyin da ke zuwa da manhajojin nan na Ingila da Amurka ne. Wasunsu, har da jirgin Fenix, suna karɓar muryar da ka naɗa. Ƙanwata ta naɗa mini sanarwar maraba da Hausa, na haɗa da addu'ar tafiya, Subhanallazi sakhkhara lana haza. A duk abin da na ƙara wa jirgin nan, wannan ne bai ci ko kwabo ba, kuma shi ya fi sa ni jin ina gida.

Mataki na shida: a sama

Kafin ka tashi, duba allon iskar cikin jirgi da ke saman kanka. A 737 kai ne za ka rubuta masa tsayin tafiya, 17,000, da tsayin filin sauka. Abuja ƙafa 1,123 take a saman teku, Heipang 4,232, don haka 4,250 za ka murɗa. Airbus da kansa yake yi. Idan ka bar shi a tsayin Abuja, kunnuwan mutanen gaske ne za su biya kuɗin, amma da wuya fasinjan kwamfuta ya ce ƙala, don lambar ba ta bi ta ƙofarsa ba.

Titin Abuja ɗaya ne, 04 ta wannan kai, 22 ta wancan, mita 3,610. Ka tashi, ka riƙe gudu a not 250, wato mil ɗin jirage 250 a awa, har ka haura ƙafa 10,000, ka bar fitilun sauka a kunne har can. A irin waɗannan dokoki manhajojin suna da kyau ƙwarai, ba sa mantuwa, ba sa jin kunya. Ka wuce gudun da filaf, ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa wajen tashi da sauka, ke ɗauka, ka karkata fiye da digiri 30, ka yi wasa da totur, duk za su rubuta. Wannan tarar karɓe ta hannu biyu.

Rigimar tana zuwa ne wajen abinci. Lissafin gangarowa shi ne mil uku ga kowace ƙafa dubu. Daga 17,000 zuwa 4,200 ƙafa 12,800 ce, mil 38 ke nan, ka ƙara goma na rage gudu. Wato kana kaiwa tsakiyar hanya ka fara sauka. 'Yan mintoci ne a miƙe. Manhajar ba ta san haka ba, ita dai ta san fasinja na jin yunwa, sai makinka ya fara zubewa. Na ga masu jinkirta gangarowa don ma'aikata su gama raba shayi, su iso kan Jos a can sama da gudu, su rasa yadda za su yi. Kashe rabon abinci a gajeriyar tafiya, ko ka bar su da ruwa. Jirgi ake tuƙawa, ba kicin ba.

Haka maganar gargadar iska. Manhajar na jin girgiza bayan ta faru. Matuƙin gaske yana kunna fitilar bel tun yana hango hadari, kuma a daminar Filato, da hadari kan taso da rana tsaka har da ƙanƙara, kewaye shi ake yi da mil masu yawa. Radar hadari a simuletar 2020 ba ta ba ka ikon ɗaga idonta ko sunkuyar da shi yadda na gaske ke yi, kuma ka kan ratsa baƙin hadari ka fito da ɗan rawar fiffike kawai. Kada wannan sauƙin ya zama maka ɗabi'a. Kewaye, ko da fasinjojin sun yi gunagunin latti.

Mataki na bakwai: sauka a kan tudu

Nan ne zan ja ka a hankali. Jos a sama take, iskarta siririya ce. A ma'aunin jirage, zafin da ake sa rai a ƙafa 4,232 bai kai digiri 7 ba. Ranar Maris da rana ma'auni ya nuna 30, ka haura da digiri 23, kowane digiri kuma kamar ƙarin ƙafa 120 ne. Jirgi sai ya ji kamar a ƙafa 7,000 yake. Agogon gudu zai nuna maka not 145 kamar kullum, amma a kan ƙasa kana tafiyar kusan 160. Manyan jiragen simuleta suna lissafa wannan daidai, shi ya sa sauka a Heipang ke da daɗin koyo. Manhajar fasinja kuwa Legas da Jos duk ɗaya ne a wurinta.

Saita QNH na filin, wato lambar nauyin iska da ake daidaita agogon tsayi da ita, daga rahoton yanayi. Ka tuna ƙafa 10,000 a agogo a nan ba ta kai 6,000 a saman ƙasa ba, don haka komai na zuwa da wuri. Gangaren digiri uku lissafinsa gudun ƙasa sau biyar ne: 160 sau 5, ƙafa 800 a minti, ba 700 da ka saba ba. Idan agogo ya nuna 5,200, wato ƙafa dubu a saman titi, tayoyi su kasance a waje, filaf 30 ko 40, gudu ya zauna, inji na ja, jerin dubawa ya ƙare. Idan ɗaya ya rage, tura totur ka fasa sauka, ka zagayo. Wata manhajar za ta rage maka maki, mutanen bayanka su yi ihu. Ƙyale su.

Sai maganar laushi. Duk daƙiƙa ɗaya da ka yi kana shawagi a saman titi da gudun not 160, mita 82 ka zubar. Daƙiƙa goma, mita 820. Yankin da ake son tayoyi su taɓa shi ne mita 900 na farko, wurin manyan fararen zanen nan. An ƙera jiragen fasinja su jure dira ta ƙafa 600 a minti a cikakken nauyin sauka, don haka ƙafa 150 zuwa 250 sauka ce lafiyayya, ba abin kunya ba. Idan titi ya jiƙe ma so ake ka ɗan dira da ƙarfi, taya ta fasa ruwa ta kama kwalta, allunan fiffike su miƙe, birki ya samu abin riƙewa. Wani matuƙi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a na taɓa nuna masa lambar saukata a waya, ƙafa 40 a minti, ina jiran yabo. Ya dube ni ya ce, "Malam, a ina ta taɓa?" Na ce, "Kyaftin, ban duba ba." Bai ƙara magana ba, ya miƙo mini wayata.

Don haka shiga saitin manhajar, in tana bari, ka ɗaga iyakar abin da take kira sauka mai kyau zuwa 250 ko 300. In ba ta bari, daina kallon lambar. Bayan kowace sauka mayar da hoton baya, ka kalli jirgin daga gefe, ka ga ko a kan zanen ka taɓa, ko a tsakiyar layi kake.

Hunturu ma na da tasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu za ka ga HZ ko DU a rahoton yanayi, hazo da ƙura, gani ya ragu har a soke tashi. Simuleta kan nuna maka sama garau a ranar da mutane ke zaune a Abuja tun safe suna jiran hazo ya washe. Karanta rahoton da kanka. Idan ganin da aka rubuta bai kai wanda taswirar sauka ke nema ba, ka koma filin madadi ko da kana hango titin tar a allonka. Mai son ganin hazon da idonsa ya kashe yanayin kai-tsaye, ya ƙara kaurin ƙura da hannu.

Mataki na takwas: karanta rahoto, ka san abin da babu a ciki

Da ka kashe inji za a miƙo maka takarda. Raba ta biyu. Tarar fitila, gudu, filaf, karkata da birki na gaske ne, gyara su. Yunwa, gundura, latti da laushin sauka kuwa dokar wasan ce. Sannan ka ƙara tambayoyin da ba ta yi ba: mai nawa ya rage, na zauna daidai a ƙafa dubu, a ina na taɓa.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya sayo maka a tebur. Jirgin fasinja mutum biyu ke tuƙa shi, ɗaya na tuƙi ɗaya na sa masa ido yana magana da hasumiya, kai kuwa kai kaɗai ne da linzamin kwamfuta. Sandarka ba ta yin nauyi idan gudu ya ƙaru, kujerarka ba ta gaya maka jirgi na zamewa. Lalacewar inji kai ka zaɓe ta a jeri, kuma maɓallin dakatarwa na nan idan an kira sallah. Ma'aikatan ciki, huɗu a jirgi mai kujera 189 tunda doka ta ce ɗaya ga kowace kujera 50, a manhaja masu raba shayi ne, alhali ainihin aikinsu fitar da mutane ne, kuma ba a ba jirgi shaida sai an nuna za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi. Ban kuma taɓa ganin fasinjan kwamfuta ya miƙe yana jawo jakarsa jirgi na gangarawa, waya a kunne yana cewa a zo a ɗauke shi ba.

Awoyin da ka tara a ɗaki ba sa shiga littafin lasisi. Wanda abin ya shiga ransa da gaske, hanyar ita ce makaranta irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, da lasisin hukumar NCAA. Abin da tebur zai ba ka shi ne sanin maɓallai, karanta taswira da saba wa tsari.

Idan ka kai inda muryar kwamfuta ta daina ba ka tsoro, yi rajista a VATSIM, dandalin intanet na masu tuƙin simuleta, ka girka manhajar haɗawa, vPilot, ko xPilot ga mai X-Plane. A can mutane ne na gaske ke zaune a hasumiya. Sararin Najeriya sunansa DNKK, na Kano, kuma ba kullum ake samun mai gadinsa ba. Idan babu kowa, juya rediyo zuwa 122.800 ka riƙa sanar da inda kake. Ranar da ka samu mutum a Abuja, rage muryar manhajar fasinja zuwa ƙasa kafin ka kira shi. Karona na farko ban ji izinin shiga titi ba, saboda ƙanwata na tsakiyar bayanin yadda ake ɗaura bel, sai da bawan Allah ya kira ni sau uku.